Na cire sunanka daga rajistar malamai

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka ce Hajara, daga Dogon Dutsi.

Ranar Talata darektan lakwal ɗinku, makarantar Matankari, ya kira ni. An turo malamin da zai riƙe ajinka, ana son sa shi cikin porogaram ɗin rajista da ka rubuta musu. Darekta ya gwada goge sunanka, sai duk yaran ajin suka ɓace tare da kai. Da tsohon kwafi ya maido su. Ya ce ba su san kowa da zai iya gyarawa ba sai ni.

Na hau kabu-kabu na tafi. Na iske ordinatarka, kwamfutar nan taka, a kan teburinka.

Ka tuna sanda kake koya mani rubuta porogaram a zauren Baba, kana zana akwatuna a bayan tsohon kaye, littafin rubutunka? Ka ce: "Kilas abin buga bulo ne, obje kuwa bulon da ya fito. Kuma kar ki taɓa komi sai kin san wa ke riƙe da wa."

Haka na bi. Malami da Ɗalibi duk sun gaji kilas ɗin Mutum, nan lafiya lau. Daga Lakwal na shiga Malami, daga Malami sai ga Aji, cikin Aji sai ga yara. Cikin Malami ka gina Aji, Yaya. In malami ya tafi, aji ya bi shi. Kai da ka sha hana ni wannan kuskuren. A gefen layin ka rubuta: "À corriger, in an yi hutu," wato a gyara.

Na fiddo Aji na maida shi ƙarƙashin Lakwal, yanzu nuna malaminsa kawai yake yi. Sannan na zaɓi sunanka. Ordinatar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna i. Na bi sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, suna nan.

Ban yi kuka ba. Tun ranar da mota ta kife da ku a hanyar Doso ban yi ba. Darekta ya kawo fura, na sha. Na tambayi sabon malamin yadda ake rubuta sunansa.

Da na dawo Inna ta tambaye ni abin da na je yi. Na ce mata yaranka ne ke gaishe ta.

Allah ya jiƙanka, Yayana, ya yalwata makwancinka, ya sa abin da ka koyar ya bi ka. Ni kuma ya sassauta mani ƙirjina, ko hawaye su samu hanya.

Ƙanwarka,
Hajara