Irin Gasayar Inna

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya jiki, ya maigida da yara? Mu nan Taura lafiya lau.

Labarin ba daɗi. Feshin ciyawa ya ƙarar da gasaya a gonaki, sai wadda ta rage a gonar marigayiya Inna. Na tsinko 'ya'yan, na shanya, na murje, na bakace. Maimakon in zuba irin a gora da toka yadda take yi, na ƙulle shi a leda bai gama bushewa ba. Jiya na kwance, duk ya yi fumfuna. Baffa kuma ya riga ya feshe gonar.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Ƙullin irin da Inna ta ba ki, don Allah kar ki yar. Shi kaɗai ya rage mana.

Ƙanwarki,
Rabi