Dalma a Buhun Malam Tasi'u

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Ban faɗa wa kowa ba. Ni na zuba dalma a buhun alminiyam ɗin da Malam Tasi'u mai zubin tukwane ya ɗauka jiya. Kuma na san mece ce, abin da ya fi damuna ke nan.

Tsohon taru ne Baba ya saya wajen wani masunci daga Guri, ya ce in yanke dalmar da ke bakinsa in zuba a gwangwaninta. Gwangwanin yana can saman kanta, sai na taka durom kafin in kai. Yatsuna sun ƙage don sanyi, ɗaya ya tsage yana jini. Sai kawai na share komai da tsintsiya, da dalmar da guntayen alminiyam, na juye a buhu na ɗaure baki. Za ta kai tafi biyu. Ko uku.

Lahadi, 5 ga Janairu

Tun da ambaliya ta cinye mana shinkafa da damina Baba ya koma sayen tsofaffin ƙarafa wajen 'yan jari-bola. Garejin gidanmu ya mayar wurin aiki. Babu mota a ciki tun kafin a haife ni, kaji ne ke kwana. Har yanzu ana ganin shatin inda ruwa ya tsaya a bango, daidai ƙuguna.

Ni na tsara wurin. Da farko komai a jibge yake, Baba na tuntuɓe. Na ciro mayen ƙarfe daga wata tsohuwar lasifika, duk abin da ya kama a jefa hagu. Jan ƙarfe a cikin fasasshen baho. Alminiyam a buhu, kusa da ƙofa. Na rubuta sunan kowanne da gawayi a bango. Idon Baba ba ya gani sosai, yakan ce wa mutane ni ce idonsa. A aji ko sunana aka kira sai muryata ta maƙale, amma a garejin nan ban taɓa jin kunya ba.

Ran farko ya ɗora min dalma a tafin hannu ya ce, "Bushira, ji nauyinta. Wannan guba ce. Ta masu taru ce kawai. Ba ta shiga tukunyar abinci, ba ta shiga bakin yaro."

Shi ya sa muka kai gwangwanin sama, saboda Umaima 'yar Yaya Ummussalma ta fara rarrafe.

Litinin, 6 ga Janairu

Na kasa cin ɗumame. Inna ta ce mura ce.

Talata, 7 ga Janairu

Malam Tasi'u ya biyo da safe, suka zauna da Baba suna jin ɗumi a bakin kasko. Ina bayan ƙofa ina ware waya. Yana ta ba da labarin wasu da ke cusa masa duwatsu da yashi a buhu. Ya ce duk garin nan buhun Malam Bala, wato Baba, kaɗai yake juyewa a wuta bai duba ba. Baba ya yi dariya, ya nuna inda nake.

Malam Tasi'u ya leƙo ya ce, "Uwar shiru, yau ma ba za a ba mu ko tari ba?"

Na durƙusa na gaishe shi, ban ɗago ba.

Ran Alhamis zai yi zubi. Ƙananan tukwane, wai su mata ke nema yanzu, na dama kokon yara.

Na yara.

Laraba, 8 ga Janairu

Na je. Inna ta aike ni sayen daddawa, sai na zaga ta maƙerar Malam Tasi'u. Duk hanya ina maimaitawa a zuci: Malam, akwai dalma a buhunmu. Kalma biyar ce kawai, na ƙirga.

Yana tsugune yana danna yashi a akwatin zubi. Ga buhunmu nan jingine da bango, da ɗaurin da na yi masa da hannuna. Mutane uku na zaune a benci, duk suka juyo suna kallona. Ya tambaya ko lafiya. Na ce Baba na gaishe shi. Ya ce ai jiya suka rabu, ko Malam Bala ya fara kewarsa ne kamar amarya? Suka yi dariya. Na juya.

Daddawar ma na manta, sai da na koma.

Alhamis, 9 ga Janairu

Daga ƙofar gareji ana hango hayaƙin maƙerarsa. Tun hantsi yake tashi.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na faɗa wa Baba, bayan ya dawo daga masallaci. Ina fuskantar bango na faɗa, ina goge wani murfin tukunya da ba ya bukatar gogewa.

Bai dake ni ba. Da ma ya daka. Ya tambayi yawanta. Na nuna da hannu. Ya ce tafi biyu a cikin buhu guda ba wani abu ba ne, kuma an riga an narka, Allah zai tsare. Ya ce in Malam Tasi'u ya ji, sai ya fasa tukwanen duka, aikin mako ya tafi, kuma ba zai ƙara karɓar buhunmu ba. Manyan dillalai ba sa kallon mai buhu ɗaya irinmu.

"Ki bar shi a cikinki, kin ji ko?"

Na ce to.

Ya sauko da gwangwanin da kansa, ya kafa masa ƙusa inda hannuna zai kai, ya ɗaure murfin da waya.

Da la'asar Yaya Ummussalma ta shigo da Umaima a goye. Cikin hira ta ce tukunyar kokonta ta huje, jibi ran kasuwa za ta sayi sabuwa wajen Malam Tasi'u. Baba na alwala. Ya tsaya da buta a hannu, ya ce kada ta saya, shi zai samo mata a wani wuri. Ta tambayi dalili. Ya ce haka kawai.

Bai kalle ni ba. Ni ma ban kalle shi ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Tun safe muke aiki ni da Baba. Sau biyu yana miƙo min abu ya ce in duba masa, kamar kullum.

Na bi ta maƙera da zan kai niƙa. An jera tukwanen a tabarma, an goge, suna ta ƙyalli. Goma sha tara. Wata mata mai goyo ta tsaya ta ɗaga ɗaya ta ƙwanƙwasa, ta ce sai gobe. Ban san sunan ɗanta ba. Hular ulu ja ce a kansa.

Baba ba mugu ba ne. Na rubuta don kada in manta. Ranar da ruwa ya shiga gona bai yi kuka ba, shara ya kama yi a garejin nan.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gari ya fara wayewa, Baba bai dawo daga masallaci ba. Malam Tasi'u ba ya loda baron kasuwa sai rana ta ɗan ɗaga.

Na yage takarda ɗaya daga littafin nan na rubuta masa. Na sa cewa ni ce, Baba ba ya wurin lokacin da na ɗaure buhun. Wannan gaskiya ne. Sauran ban sa ba.

Wataƙila daga yau ba zan ƙara shiga gareji ba. Na share shi, na mayar da komai inda yake, don kada Baba ya yi tuntuɓe.

Ban sani ba ko Malam Tasi'u na karanta boko. In ba ya yi, sai in karanta masa.

Hijabina na kan igiya, bai gama bushewa ba. Haka zan sa shi.