Ɗorawar da Ta Tare Hanyar Inna

Zuwa ga Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya Hajiya da yara? Mu nan Sabuwa lafiya lau, sai dai idon Inna da ke ƙara dushewa.

Na'urori biyun da ka aiko don ta riƙa ganinka a waya sun iso. Na kafa ɗaya a shagona inda intanet take, ɗayar bisa rufin gidanta. Na saita su yadda ka ce, su zama gada tsakanin shagon da gidan, amma fitilar jikinsu da ke nuna sun haɗu ta ƙi yin kore. Ashe ɗorawar gonar Alhaji Sani ce ta tare tsakani. Na roƙe shi a rage rassa, ya ce, "Malam Audu, kalwar da iyalina ke ci zan sare?"

Jiya Inna ta ce mini, "Bar wahala. Ko ta yi, ba na jin zan gane fuskarsa."

Yaya, ka zo da kanka, ko muryarka ta ji kusa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Audu