Alayyahun da Akuya Ta Ƙi Ci

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Makarantar Firamare ta unguwarmu,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ce Saratu, wadda yara ke kira Mama Lambu, ɗaya daga cikin iyayen da suka sa kai suna kula da lambun da ke bayan aji shida. Na je ofishinka ban same ka ba. Na kai wa hedimasta kukana, ya yi dariya ya ce, "Mama, albarka ce, kin cika tsoro." Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani.

Na farko, ƙasar. A farkon daminar nan wata tifa ta shigo ta juye mana baƙar ƙasa, aka ce wani bawan Allah ne daga wajen Kudenda, unguwar masana'antu, ya ba da kyautar taki ta hannunka. Mun yi murna, har Mama Ngozi, abokiyar aikina mai shago a Sabon Tasha, ta taka rawa. Kunya ta hana mu tambayar sunan mai kyautar, balle inda aka ɗebo ta.

Na biyu, abin da ya tsiro. A ƙauye na tashi da fartanya a hannu, amma ban taɓa ganin alayyahu irin wannan ba. Ganyensa ya fi tafin hannuna, kore shar, kuma babu huda ko ɗaya a jikinsa. Ranka ya daɗe, duk manomi ya san ganyen da tsutsa ta ƙi taɓawa ba abin murna ba ne. Na tona ƙasar ban ga tana ba. Ba tururuwa, ba fara, ba kwaɗo, alhali damina muke ciki. Ƙadangarun da ke shan hantsi a katangar lambun duk sun koma ɗaya gefen. In ka shiga da rana tsaka yara suna aji, shiru ne kamar an toshe maka kunne. Idan aka yi ruwa, wanda ya kwanta tsakanin kunyoyi sai ya yi maiƙo kala-kala, yana wari irin na tsohon batir. Mama Ngozi da ke cire ciyawa da hannu, fatar yatsunta ta fara ɓarewa.

Na uku, akuyar Malam Ishaya mai gadi. Kowa ya san ta. Ta ci kwali, ta ci ledar burodi, ta taɓa cinye gefen zanena a kan igiya. Kwanan nan ta fasa shinge ta shiga, muka bi ta da sanda a guje. Sai muka tarar da ita tsaye a tsakiyar alayyahu. Ta shinshina, ta ɗaga kai ta kalle mu, ta juya ta fita da kanta ba ta tsinki ganye ɗaya ba.

Na huɗu, wanda ya fi damuna. Lokacin da muka kafa lambun, don kada a ce iyaye suna kwashe kayan yara zuwa gida, mun yi alkawari a gabanka cewa babu babban da zai ɗanɗana ko ganye ɗaya sai yara sun fara ci. Mun riƙe alkawarin nan ƙam. Ke nan babu cikin wani babba da ya gwada wannan ganye. Ranar rufe makaranta za a yi fate da shi a raba wa dukan ɗalibai, kai ne babban baƙo. Jikata Rahila tana aji biyu. Tuni ta wanke kwanonta ta ajiye a jaka, kullum tana tambayata saura kwana nawa.

Don haka ina roƙonka a dakatar da girkin nan, a kulle lambun da kwaɗo. A kai ƙasar da ganyen wurin masu gwaji. Ka kuma faɗa mana a fili wane ne mai kyautar, kuma daga bayan wace katanga tifar ta yi lodi.

In kuwa ka ga babu komai, tsoron tsofaffi ne, to ka warware mana alkawarin. Ranar a fara zuba wa manya, ni da kai da hedimasta, mu zauna a gaban jama'a mu cinye, yara su jira sai an ga yadda muka kwana. Ni na yarda. Na fi son a gwada a cikina da a gwada a na Rahila.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon riƙe amanar yaran nan, ya tsare naka 'ya'yan daga abin da akuya ta ƙi.

Wassalam.

Saratu, Mama Lambu,
Nasarawa, Kaduna.