An Raba Min Gishiri Gida Biyu

Goggo, ki taimake ni. Ilimi dai abin alfahari ne, ni ma na taɓa shi kaɗan, kuma na gode Allah da ya ba ni 'ya mai ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ce ma ta shigo min shago.

Kayan masarufi nake sayarwa. 'Yata ta fari za ta zana jarrabawar kimiyya, ta ce jadawalin sinadarai ya ƙi zama a kanta sai ta gan shi da ido. Na je unguwa na dawo, na tarar ta jera min kantar shago yadda jadawalin yake. Batirin waya a sama ta hagu, wai lithiyam. Ayaba can ƙasa a layinsa, wai fotasiyam, ɓeraye suna ta godiya. Madara da alli a layi ɗaya, gawayi da fensir ma haka. Balan-balan ta rataye su a ƙuryar dama su kaɗai, wai gidan ƙwayoyin lantarkin hiliyam ɗin da ke cikinsu ya cika, ba ya neman kowa. Kamar surukata.

Duk na haƙura. Amma gishiri, Goggo! Wai sodiyam da kulorin ne a cikinsa, sodiyam ɗan hagu, kulorin ɗan dama, sai ta kasa buhun biyu, rabi ta jingina shi da bilic, ruwan wanke farin kaya, wai can ne gidan kulorin. Matar tela da ta saya ta dawo tana cewa miyarta na warin asibiti. Yanzu mai neman ashana sai ya tsaya ina ƙirga layi da yatsa, kafin na kai na goma sha biyar ya tsallaka shagon maƙwabci.

Na ce zan mayar da komai, ta fashe da kuka, wai in na taɓa ta faɗi. Ni kuma ban gane komai a wannan shirme ba. In ceci ciniki ko in ceci jarrabawa?

Uwar 'Yar Kimiyya

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yarinyar ba ta yi hauka ba, dabarar karatu ta samo, sai dai a shagon da ke ciyar da ita ta gwada. Ke ma kina da gaskiya, mai saye ba ɗalibi ba ne.

Ki bar mata kantar zuwa ranar jarrabawa, amma abin da ake yawan nema, ashana da sabulu, ki ajiye kaɗan a gabanki. Ayaba ta hau tebur yau ɗin nan.

Gishiri kuwa, da karatunta za ki kama ta. Sodiyam ƙwayar lantarki ɗaya ta yi masa yawa a gidan waje, kulorin ɗaya yake nema. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa, suka manne. Auren da ya ɗauru haka, ita wace ce da za ta raba? Ta haɗa buhun, nesa da bilic, sannan ta je ta ba matar tela haƙuri da bakinta.

Allah ya ba ta sa'a, ya dawo miki da masu saye. Af, ke da ba ki gane komai ba, wa ya gaya miki ashana tana layi na goma sha biyar?