Ranar da Jirgi Ya Juyo Ya Kalli Nababa

Wuse, Abuja

Assalamu alaikum Yaya Mato,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti Hasana, da fatan sanyin ƙasar bai takura muku ba. Allah Ya sauƙaƙa karatu, Ya dawo mana da ku lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, Inna Iyatu kuwa tana nan tana faɗa da mai gadi kan ruwan tanki.

Maganar ɗan helikwaftanka ce, mai rimot, da ka ba ni ajiya. Ka ji Nababa ɗan Kawu ya faɗa wa Baba ni na karya shi, wai mace ta taɓa abin da ba ta sani ba. Shi ya ɗauke shi ina ofis ya karya, amma a gidanmu mai gemu ba ya buƙatar shaida. Ban yi musu ba. Na sayi tsohon jirgi irinsa a Utako, na yi wata huɗu duk Asabar ina wani fili a Kubwa wajen Malam Aminullahi, tsohon makanikin jirage. Farfela shida na karya kafin hannuna ya yarda da abu ɗaya: muddin jirgin ya juyo ya fuskance ka, in ka tura dama, hagu zai nufa.

Ranar sunan 'yar Rahmatu, Nababa ya zo da sabo fil, ja, ya tara baƙi a tsakar gida, har da ogansa na ma'aikata. Ya tashe shi lafiya lau, sai iska ta juyo da hancinsa. Ina tsaye dab da shi, kalma ɗaya ta isa ta cece shi. Na gyara mayafina. Ya tura dama, jirgi ya yi hagu, ya ƙara turawa da ƙarfi, sai cikin tukunyar miyar taushe.

Bayan la'asar na jera naka da nasa gaban Baba. Gefe ɗaya suka lotsa, alamar hannu ɗaya ne ya kayar da su. Sannan na tashi nawa, na tsayar da shi yana kallona, na sauke shi kan tabarma. Baba ya sa aka kira Nababa, ya ce ya ba ni haƙuri gaban kowa. Ya bayar. Na ce janareta na ƙara, ban ji ba. Ya maimaita.

Zai kira ka cikin makon nan. Yafiya taka ce, amma ka bari sai ya faɗi ranar da ya ɗauke shi da bakinsa.

Ka gaida Anti Hasana da Fiddausi. Inna ta ce ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Bilqis