Umma da Fim ɗin Mutanen Poland

Hindawiyya, Makka
Farkon Zulƙida

Ƙanena Mish'al,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya karatu, ya sanyin Poland? Ina fata likitancin yana shiga kai. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Umma da ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Da Hausa zan ci gaba da rubuto maka ko ka so ko ka ƙi, don rannan da na ji ka a waya, Hausar taka ta fara komawa irin ta Balaraben kanti.

Fina-finan da ka turo na kalli biyu. Kai Mish'al, mutanen nan ba sa dariya ne? Ka ce masu shirya fim na can sun fi son labarin soyayyar da jama'a ba ta yarda da ita ba, da na mutumin da ke zaune cikin mutane kamar ba ya nan. To, na gani. Sai a kafa wa mace kyamara tana feraye dankali, ba kiɗa ba magana, har kunya ta kama ni kamar na leƙa ɗakin wani. Abin da ya fi ɗaure min kai, babu mai fitowa a ƙarshe ya faɗi wanda ya yi daidai. Na yi ta tunanin ko kaɗaici ne ya sa kake son su. In haka ne ka faɗa min, kar ka ɓoye wa yayarka.

Alhazai sun fara cika unguwar Aziziyya, Umma har ta soma zancen ranar Hullaif. Rabonka da ranar nan tun kana riƙe da gefen abayata, bari in tuna maka: ranar Arfa, in alhazai da mazan gari sun watse, Harami sai ya zama namu mu matan Makka, mu yi ɗawafi a sake, mu sha ruwa tare. Ta lissafa masu zuwa, ba ta ambaci ƙanwarta Hala Hadijatu ba. Bana ma ke nan. Tun da Hala ta auri Ya'u, mai gyaran famfon nan ɗan Maraɗi, Umma ta ce ba ta da ƙanwa. Wai bazawara 'yar ƙasa, wadda kakanninta suka zo garin nan tun zamanin raƙumi, ta rasa miji sai baƙo mai iƙama, wanda ma ta girme shi. Dangi duk suka bi bayan Umma. Ko bikin Abir 'yar kawu ba a aika mata da kati ba.

Ina zuwa Ka'akiyya in gaishe ta a ɓoye. Ta rame, kuma tambayarta ta farko kullum ita ce ƙafar Yaya, wato Umma. Jiya ta faɗa min abin da ya hana ni cin abinci: ashe ba ta daina zuwa Hullaif ba. Ita kaɗai take zuwa, ta zauna bayan wani ginshiƙi a farfajiya inda take hango mu.

Ka riƙa sa rigar sanyi. Umma na gaishe ka.

Yayarka,
Haifa

Hindawiyya, Makka
Ƙarshen Zulƙida

Ƙanena Mish'al,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma jarrabawa ta zo da sauƙi. Na ji daɗi da ka ce ka sami abokan cin abinci, ko da ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba.

Ka ja min rigima. Bayan la'asar ina kallon fim na uku a falo, Umma ta shigo da faranti tana tsince shinkafa, ta zauna wai don sanyin na'ura kawai. Ba ta iya bin rubutun Larabcin da ke ƙasa, sai ta sa ni fassara mata. Ka san labarin: matar ƙauyen nan ta zamanin da, wadda mijinta ya rasu, ta koma ta auri ƙaninsa. Mai kanti ya daina amsa gaisuwarta, a coci aka bar mata benci ita kaɗai, 'yar'uwarta ta jini in ta hango ta sai ta tsallaka titi.

Umma ta kasa gane laifin matar. Ta ɗauka ni na ɓata fassarar, ta sa na mayar baya. Ta tambaya ko ba a ɗaura auren ba ne, na ce an ɗaura. Ko idda ce ba ta gama ba, na ce an shekara. Sai ta harzuƙa. Ta ce ai kakarmu ma ƙanin mijinta ta aura, shi ya riƙe marayun, har yau ana sa masa albarka. Ta zagi mai kanti, ta zagi 'yar'uwar, ta ce mutanen nan ba su da tausayi, yaushe aka fara ƙaurace wa mutum don ya yi halal. Mish'al, da bakinta ta faɗa, kuma da kunnenta ta ji. Hannunta ya tsaya cak cikin shinkafar. Ni na kafa wa talabijin ido, wallahi ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba.

Da fim ɗin ya ƙare a kan matar zaune gaban teburin da ta cika da abinci ranar idinsu, tana kallon ƙofa, Umma ta ce in sa kashi na biyu. Na ce babu na biyu. Ba ta yarda ba. Ta ce ba a gama labari haka, ko dai wani ya ƙwanƙwasa ƙofar, ko a nuna mana Allah ya saka mata. Ta tashi ta shige kicin, ranar shinkafa ta kama.

Tun daga nan ba ta sake zancen ba, kuma sunan Hala bai shiga cikin masu zuwa Hullaif ba. Ina tsoron ko fushi kawai abin ya ƙara mata. Ka taya ni addu'a.

Yayarka mai kewarka,
Haifa

Hindawiyya, Makka
Bayan Babbar Sallah

Ƙanena Mish'al,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ka sami nama ko ɗan yaya ne a can. Zauna ka karanta wannan a tsanake.

Ranar Arfa muka tafi da azuminmu, mu da su Abir da matan kawu. Harami fayau, har kana jin ƙarar takun ƙafarka. Muka yi ɗawafi, muka fito farfajiya inda muka saba zama, aka buɗe dabino da gahawa ana jiran magariba. Umma ta kasa zama wuri ɗaya, sai waige-waige take. Can ta matso, ba ta kalle ni ba, ta tambaye ni inda waccan take zama. Ban taɓa faɗa mata ba, Mish'al. Ashe tun bara ta hango ta, ta kau da kai.

Na nuna mata ginshiƙin. Na miƙa hannu in riƙe ta, ta ture, ta tafi tana jan ƙafar nan tata, matan kawu suna kallo baki buɗe. Na bi ta a baya. Hala na zaune a kan sallaya ita kaɗai. Da ta ɗago ta ga Umma sai ta yunƙura za ta tashi, kamar wadda aka kama a wurin da ba nata ba. Umma ta danne kafaɗarta ta zauna kusa da ita. Ba ta ba da haƙuri ba, ka san Umma. Faɗa ma ta fara yi mata, wai wane irin miji ne zai bar mace ta rame haka, a turo mata shi ranar Sallah ta ji daga bakinsa. Ya kuwa zo, da sabuwar jallabiya, ya ci faɗa ya ci nama, kafin ya tafi ya gyara mana famfon bayi.

Amma ba wannan ne ya sa ni kuka ba. A ranar Arfar, da aka kira sallar magariba, Hala ta jawo jakarta ta fito da babban fulas ɗin nan na kunun gyaɗa, wanda take kawo mana duk Hullaif tun muna yara. Cike yake fal, ga ƙananan kofuna a jere, har da mai bakin zinaren da Umma ke sha da shi. Umma ta tambaye ta wa za ta ba wannan uban kunu ita kaɗai. Hala ta sunkuyar da kai ta ce duk shekara haka take damawa ta koma da shi gida, don har yanzu hannunta bai iya awon kunun mutum ɗaya ba.

Umma ta karɓi kofinta da hannu biyu, hawaye na ɗiga a ciki. Ta shanye, ta ce sukari ya yi kaɗan, ta miƙa a ƙara mata.

Duk muna gaishe ka, har da Hala da Ya'u. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Haifa